Kankare, intalok, tsakuwa ko ciyawa: me za a shimfiɗa a farfajiyar gida?

Mai sabon gida yakan bar farfajiya sai ƙarshe, lokacin da aljihu ya yi sanyi haƙuri kuma ya ƙare, sai ya ce wa magini ya malale ko'ina da siminti a huta. Wani kuma hoton wani gida ya gani da koriyar ciyawa shar, ya ce shi ma lallai haka yake so. Dukansu sun fara ne daga abin da ido zai gani, alhali abubuwa uku da ba sa fitowa a hoto su ke yanke hukunci: inda ruwan sama zai bi, irin ƙasar da ke wurin, da nauyin abin da zai riƙa bi ta kai. Wanda ya san waɗannan ukun zai ga cewa da wuya shimfiɗa iri ɗaya ta dace da farfajiya gaba ɗaya.

Ruwa da ƙasa tukuna

Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Farfajiya mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8, wato murabba'in mita 80, idan aka yi ruwa mai milimita 30 to lita 2,400 ce ta sauka a kanta, duro 12 ke nan mai cin lita 200, ban da wanda ya zubo daga indararo. Ko ƙasa ta shanye shi, ko a yi masa hanya, ko ya yi wa kansa hanya zuwa gindin bango.

Saboda haka kowace irin shimfiɗa aka zaɓa, sai an ba ta gangara ta santimita 2 a kowace mita, daga jikin gini zuwa waje. A tsawon mita 8, bakin get zai yi ƙasa da gindin bango da santimita 16. Idan wurin ya matse ana iya saukowa zuwa santimita 1 da rabi, amma ƙasa da haka ɗan kuskuren hannun magini ya isa ya bar tabki. Sannan saman shimfiɗar ya zauna ƙasa da layin hana danshi da ke cikin bango da aƙalla santimita 15. Wannan ƙa'ida ce aka fi karyawa: ana ta ciko har farfajiya ta yi kafaɗa da daɓen ɗaki, ruwa ya riƙa fantsama a bango, bayan damina biyu fenti ya kumbura, filasta ta fara zuba da farin gishiri.

Gane ƙasa ba shi da wuya. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa a bari ya tsotse, a sake cikawa, sannan a auna yadda yake sauka. Idan yana raguwa da santimita 2 zuwa 3 a awa ɗaya, ƙasar na shan ruwa sosai. Idan ya kwana bai tafi ba, laka ce, kuma laka na kumbura da damina ta tsuke da rani. Duk abin da aka ɗora mata zai motsa tare da ita, wanda ke nufin shimfiɗa mai sandarewa kamar kankare za ta sha wahala a kanta fiye da mai lanƙwasa. A kuma lura da wuraren da aka yi sabon ciko, gefen harsashi da layin da aka binne bututu, don nan ne ƙasa ke lotsawa daga baya idan ba a danne ta ba.

Kankare

Ƙarfinsa a bayyane yake. Yana ɗaukar nauyi, sharar sa ba ta da wahala, ba ya ba ciyawa wuri, kuma keken naƙasassu, keken jarirai da baro duk suna tafiya a kai sumul. A gidan da akwai tsoho mai dogara sanda, babu abin da ya kai shi kwanciyar hankali in dai an yi masa fuska mai kaushi.

Kaurin santimita 10 ya ishi hanyar ƙafa. Inda mota za ta tsaya a ba shi santimita 12 zuwa 15, a kan burji ko fasasshen dutse mai kaurin santimita 10 zuwa 15 da aka danne da inji. Haɗin da aka saba shi ne kwanon siminti 1, na yashi 2, na tsakuwa 4, kuma kubik mita 1 na wannan haɗi na cin buhu 6 zuwa 6 da rabi mai kilo 50. Wurin mota ɗaya mai mita 3 da mita 6, a kaurin santimita 12 da rabi, zai ci kubik mita 2 da kwata, wato wajen buhu 14 zuwa 15.

Abin da ke kashe kankare yawanci ruwa ne, ta fuska biyu. Na farko, yawansa a wajen kwaɓi. Buhu ɗaya bai buƙatar fiye da lita 25, ƙasa da haka ma idan yashin jiƙaƙƙe ne, amma leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi saurin bazuwa. Rarar ruwan nan idan ta ƙafe takan bar ƙananan ƙofofi a ciki, ƙarfin ya ragu, fuskar ta riƙa fitar da gari in an yi shara. Na biyu, rashinsa bayan an zuba. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake yi da ruwa, don haka sai an riƙe masa danshi kwana 7, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna ko leda. Mota kada ta hau kafin kwana 7 ɗin, babbar mota kuwa sai bayan kwana 28. A lokacin zafi da iska a zuba da sassafe ko da yamma, in ba haka ba fuskar za ta bushe tun cikin bai kama ba, ta yi tsaga-tsaga. Yayyafa busasshen siminti a sama don ya yi sheƙi shi ma ɓata aiki ne, ɓawo yake yi ya ɓare, ga santsi in ruwa ya taɓa. Jan tsintsiya mai tauri a kai kafin ya kama ya fi.

Kankare sai ya tsage, domin yana tsukewa yayin da yake bushewa. Abin da ke hannun magini shi ne ya zaɓa masa inda zai tsage. Ana yanka layi kowace mita 2 da rabi zuwa 3, zurfinsa kwata na kaurin daɓen, cikin yinin farko, kuma a raba shi gida-gida masu kusan tsawo da faɗi ɗaya. Inda ya haɗu da bango a sa wani abu mai laushi a tsakani don kowa ya motsa shi kaɗai. Ragar ƙarfe ba ta hana tsagewa, riƙe tsagar take yi kada ta buɗe, kuma ba ta da amfani idan aka bar ta kwance a ƙasa aka zuba kankare a kanta. Sai an ɗaga ta ta zauna a tsakiya.

Illarsa babba guda biyu ce. Yana shan zafin rana yini guda ya riƙa amayar da shi da daddare, daidai lokacin da ake son iska mai sanyi ta shiga taga. Kuma ranar da bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashinsa, sai an fasa, facin kuwa ba zai taɓa sajewa da na asali ba.

Intalok

Intalok ƙananan bulon siminti ne da ake jerawa a ƙasa suna kama juna. Mutane da yawa suna ɗauka ƙarfinsa a jikin bulon yake. A'a, bulon fuska ce kawai. Abin da ke ɗaukar nauyi shi ne shimfiɗar da ke ƙarƙashi da dakalin gefe da ke matse shi. Duk intalok ɗin da ka ga ya lotsa a sawun taya ko ya yi tudu da kwari, a ƙasa aka cuce shi.

Tsarin daga ƙasa zuwa sama shi ne: a kwashe baƙar ƙasar sama da duk saiwa da shara, a danne abin da ya rage. A zuba burji ko fasasshen dutse mai gari, santimita 10 ga hanyar ƙafa, 15 zuwa 20 ga mota, fiye da haka a kan laka. Kada a zuba shi gaba ɗaya, a riƙa zuba santimita 8 zuwa 10 ana yayyafa ruwa ana bi da injin dannewa, domin injin ba ya kai ƙarfinsa can ƙasa idan kaurin ya yi yawa. Gangarar da aka ambata a wannan matakin ake fitar da ita. Sai yashi mai kaushi, santimita 3 zuwa 4 kacal, a baje shi da katako. A nan ne ake yawan kuskure: idan ƙasan bai daidaita ba sai a cike ramukan da yashi har ya kai santimita 8 a wani wuri, 2 a wani, shi kuwa yashi gwargwadon kaurinsa yake zama, bayan wata kaɗan fuskar ta karkace. Yashin filasta mai laushi ma bai dace ba, yana riƙe ruwa ya zame.

Bulo mai kaurin santimita 6 ya ishi ƙafa da ƙaramar mota. Idan tankar ruwa ko motar kaya za ta riƙa shigowa, sai mai santimita 8. Jimlar haƙan wurin mota ke nan santimita 24 zuwa 32. Bulo mai santimita 20 da 10 guda 50 ne a murabba'in mita, don haka wurin mota mai murabba'in mita 18 zai ci 900, a ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, a kuma ajiye ragowar don gaba. Inda taya ke juyawa, jerin da ake kira ƙashin kifi, wanda kowane bulo ke gicciye da na kusa da shi, ya fi kowane jeri riƙe kansa. Jerin layi-layi yana da kyau a hanyar ƙafa amma birki da juyin sitiyari suna ture shi a hankali. Tsakanin bulo da bulo a bar milimita 2 zuwa 5, a share busasshen yashi ya cika, a bi da inji, a sake cikawa. Dakalin gefe kuwa a dasa shi cikin kankare tun kafin a fara jeri. Idan babu shi, na bakin za su fara zamewa, tsagogi su buɗe, yashi ya gudu, lalacewar ta riƙa cin ciki.

Araha ba ta ado, kuma a bulon intalok ne aka fi ganin haka. Kafin a saya a fasa guda ɗaya a duba cikinsa: ya zama a cure, ba mai ramuka ba. A karce gefensa da ƙusa, idan yana zubar da gari siminti ya yi kaɗan ko ba a ba shi ruwa ba. A jera goma a wuri mai tauri da ya daidaita a ga ko kaurinsu ɗaya ne.

Akwai wata magana da ake yawan faɗa, wai intalok na barin ruwa ya shige ƙasa don haka bai buƙatar gangara. Yana sabo yakan sha kaɗan, amma ƙura na toshe tsagogin, bayan shekara ɗaya ko biyu mafi yawan ruwan a sama yake bi. Wanda ke shan ruwa da gaske tsari ne dabam, mai faffaɗan tsagogi da ake cika wa da ƙananan tsakuwa a kan dutse marar gari. Shi ma intalok yana ɗaukar zafi, musamman mai duhun launi, kuma ciyawa da tururuwa na samun wuri a tsagoginsa, sai an riƙa cirewa ana ƙara yashi. Fifikonsa a kan kankare shi ne gyara: a ɗaga, a gyara bututu ko a cike inda ya lotsa, a mayar, babu tabo. Bulon da baƙin mai ya ɓata ana canza shi shi kaɗai. A kan laka da sabon ciko, wannan dalilin kaɗai ya isa a zaɓe shi.

Tsakuwa

An fi raina ta, kuma a ganinmu ita ce ta fi dacewa da mafi yawan filin da ba a takawa kullum. Ruwa na wucewa ta cikinta kai tsaye, tana hana ƙura da taɓo, saiwar itace na numfashi a ƙarƙashinta, kuma ta fi sauran sauƙin kuɗi da aiki. Kubik mita 1, wajen tan 1 da rabi, na rufe murabba'in mita 20 a kaurin santimita 5.

Sharuɗɗanta kaɗan ne amma ba a tsallake su. A sayi fasasshiya mai kusurwa, girman milimita 10 zuwa 20, domin mulmulalliya ta kogi ba ta kama juna, ƙafa na nutsewa a ciki. Kauri kada ya wuce santimita 5, yawanta wahalar tafiya yake ƙarawa. A ƙarƙashi a shimfiɗa yadin nan na musamman mai barin ruwa ya wuce, ya raba tsakuwa da ƙasa kada su cakuɗe. Leda ba ta maye gurbinsa, ruwa take tarawa ta kashe saiwa. A kewaye da dakali da ya ɗara ta da santimita 2 ko 3, kuma a bar tazarar mita 1 ta intalok ko kankare a bakin ƙofa don kada a riƙa shigar da ita ɗaki a tafin takalmi.

Ba ta yi wa wuri mai gangara sosai ba, ruwa zai kwashe ta. Ba ta yi wa keken naƙasassu ba. Ƙarƙashin itace mai yawan zubar da ƙananan ganye kuma shara na zama aiki, don tsintsiya na haɗawa da tsakuwar, ganyen da ya ruɓe a ciki kuma ya zama ƙasar da ciyawa za ta tsiro.

Ciyawa

Babu abin da ya kai ta sanyaya wuri, domin ruwan da take fitarwa ta ganye na rage zafin iskar da ke kanta, kuma ita ce wurin da yaro zai faɗi bai ji ciwo ba. Kuɗinta ba a ranar dasawa yake ba, a kowane mako yake. Tana son kimanin lita 25 a kowane murabba'in mita a mako, fiye da haka a tsananin zafi. Murabba'in mita 50 lita 1,250 ke nan duk mako har ruwan sama ya dawo. Wanda ruwansa na saye ne ko rijiyarsa na ja baya da rani ya yi wannan lissafin kafin ya ɗauko iri.

Tana buƙatar ƙasa mai kyau santimita 10 zuwa 15, ba ɓaraguzan gini da aka lulluɓe da 'yar ƙasa ba, da rana ta wajen awa 6 ga irin su kirikiri, wadda ke jure fari da tattaki amma ba ta son inuwa, ga kutsawa cikin kwamin furanni in ba a yi mata iyaka ba. Ban ruwa mai yawa sau biyu a mako ya fi yayyafi kullum, don yayyafi na sa saiwa ta tsaya a sama. Wajen yanka kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda. Mota kuwa ba ta da wuri a kanta, taya na danne ƙasa saiwa ta shaƙe. Ciyawar roba ba ta warware matsalar ba, a rana tana zafi har ba a iya taka ta ba takalmi. Tayil mai sheƙi ma a bar shi a cikin ɗaki, a waje tarko ne da damina.

Yadda za a raba filin

A koma kan murabba'in mita 80 ɗin nan. Mota ɗaya na son mita 3 da 6 don a buɗe ƙofa a sake, 18 ke nan. Hanyar ƙafa daga get zuwa ƙofar shiga, mai faɗin mita 1.2 don mutum biyu su jera, ta ci kusan 10. Abin da ke buƙatar shimfiɗa mai tauri bai kai 30 ba. Sauran 50 ɗin babu dalilin rufe su da siminti. Ga yawancin gidaje za mu zaɓi intalok a wurin mota da hanya, tsakuwa da shuke-shuke a mafi yawan sauran, sai ciyawa murabba'in mita 10 zuwa 15 inda ake zama ko yara ke wasa, in ruwa ya samu. Kankare ya karɓi wurin intalok idan ƙasar tsayayya ce, babu bututu a ƙarƙashi, kuma akwai mai buƙatar hanya sumul. A karkata gangarar wurin mota zuwa ga tsakuwa da itatuwa su sha, in kuma za a haƙa ramin tsotse ruwa, ya nisanci harsashi da mita 5.

Inuwa ce ke sa a iya zama a farfajiya, kuma itace ɗaya da aka dasa ta yamma da gini ya fi kowane launin bulo rage zafin la'asar. Sai dai a zaɓa da girman da zai kai a zuciya. Lemun tsami, rumman da gwaiba suna zama lafiya a tazarar mita 3 daga bango. Mangwaro da darbejiya na son mita 6 zuwa sama, kuma kada a sa su a kan wurin mota saboda abin da suke zubarwa. Dangin ceɗiya da durumi, da zaiti, saiwarsu na bin danshi ta ɗaga daɓe ta shiga bututu, ƙaramar farfajiya ba wurinsu ba ce. A kan laka a ƙara tazarar ta kai tsawon da itacen zai yi in ya girma, domin yana tsotse ruwan ƙasa ta tsuke a ƙarƙashin harsashi. Ramin dashe ya ninka faɗin ƙullin saiwar sau biyu ko uku, zurfi kuwa daidai da shi, kuma a bar wa gindin fili buɗaɗɗe mai faɗin mita 1 da rabi, kada a shaƙe shi da siminti. Lalle na yin shinge mai kyau idan ana aske shi, ya ɓoye tankin ruwa ko mazubin shara.

Kyan gani kuwa yawanci daga taƙaitawa yake zuwa. Launin bulo biyu sun isa. Shuka iri uku da aka dasa rukuni-rukuni sun fi iri goma sha biyar da aka warwatsa ɗaya-ɗaya, kuma baƙo na shigowa ya ga hanyar ƙofa ba tare da ya tambaya ba.

Kafin a rufe ƙasa, a binne bututu mai faɗin santimita 10, wanda babu komai a ciki, a gicciye ƙarƙashin hanya da wurin mota, a toshe bakunansa a yi musu alama. Ranar da ake son wuce da wayar fitila ko tiyon ban ruwa, ta nan za a zura ba tare da fasa komai ba. Murfin sokawe da na duba bututu kada a binne su, su kasance a bayyane ana iya ɗaga su, kuma mota kada ta tsaya a kansu sai in an yi su don ɗaukar nauyi. Kafin a sallami magini a kunna tiyo daga gindin bango na tsawon minti 10, a bi ruwan da ido. Duk inda ya tsaya ko ya juyo wajen gini a zagaye shi da alli, a gyara tun ma'aikata da injinsu suna wurin.